Keke, Ƙafar Roba da Waya Mai Magana: Tambayoyi Kan Kayan Tallafin Nakasassu a Kano

Me ake nufi da kayan tallafi?

Duk abin da zai sa mutum ya yi wa kansa abin da a da sai an yi masa: keken guragu, sandar dogarawa, ƙafar roba, na'urar ƙara ji, farar sandar makafi, har da tabarau. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce sama da mutum biliyan 2.5 ke buƙatar aƙalla ɗaya.

Ina ake samunsu a Kano?

Ƙafar roba ana yin ta a Asibitin Ƙashi na Dala. Ba a shago ake ɗauka ba. Sai an auna dungun ƙafar, an ƙera masa mazauni daidai shi, sannan a koya wa mutum taku. Gwajin ji kuwa akwai sashen kunne a Asibitin Malam Aminu Kano. Makarantar Tudun Maliki tana koyar da yara makafi da kurame.

Keken da ake rabawa kyauta fa, bai wadatar ba?

Alheri ne, amma sau tari keken cikin asibiti ake kawowa, wanda aka yi don daɓe mai santsi. Ka shiga da shi lungun cikin gari, ga yashi ga kwata, ƙananan tayoyin gaba su kafe. In ya karye babu kayan gyara, sai a jingine shi a soro. In bai dace da jikin mai shi ba kuma, gyambon zama yake haifarwa. Shi ya sa a ganina keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, wanda waɗanda suka yi fama da shan inna ke ƙerawa da kansu a nan Kano, ya fi cancantar kuɗin mai bayarwa. Tayarsa da sarƙarsa na keke ne, kowane mai faci ko mai walda zai gyara.

Waya tana yi wa makaho amfani?

Ƙwarai. TalkBack a Android da VoiceOver a iPhone suna karanta duk abin da yatsa ya taɓa, kuma a cikin wayar suke zuwa. A kwamfuta akwai manhajar NVDA mai irin wannan aikin, kyauta. Mutum ya tura saƙo ko kuɗi ba tare da ya tona wa ɗan jagora lambar sirrinsa ba. Sai dai muryar yawanci ta Turanci ce, tana hagunce Hausa har sai kunne ya saba.

Doka ta ce wani abu?

A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su samar da hanyar shigar keke. Wa'adin ya cika, amma har yau akwai wuraren da sai an cicciɓi mai keke kafin ya haye matakala.