Ƙwaya ɗaya, hukunci biyu: abin da dokar Amurka ta ce kan magungunan ADHD na manya

A Amurka, idan likita ya rubuta wa baligi Adderall ko Ritalin ko Vyvanse, ba zai koma kantin magani da tsohuwar takardarsa ya ce a ƙara masa ba, kamar yadda mai hawan jini ko mai ciwon suga yake yi. Da zarar kwalba ta ƙare, takardar ta tashi daga aiki, sai likita ya rubuta sabuwa. Masu shan maganin da yawa suna jin haushin wannan, kuma ba laifinsu ba ne: mutumin da larurarsa ita ce mantuwa da kasa tsara al'amura, shi aka ɗora wa tuna ranar ganin likita wata bayan wata.

ADHD larura ce ta ƙwaƙwalwa da ke hana mutum tattara hankali wuri guda, ta sa shi garaje da rashin natsuwa. A da ana ɗaukarta ciwon yara. Amma hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta ƙiyasta cewa a 2023 manya kusan miliyan 15.5 ne ke da ita a Amurka, kuma wajen rabinsu sai bayan sun girma aka gano. Magungunan da aka fi ba su iri biyu ne: dangin amfetamin, wato su Adderall da Vyvanse, da kuma metilfenidet, wato su Ritalin da Concerta. Dukkansu suna ƙara yawan sinadaran dofamin da norefinefirin da ke kai saƙo tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Wannan ƙarin shi ke zaunar da hankalin mai larura, shi ne kuma ke jan wanda ba shi da ita ya nemi ƙari.

Tushen maganar ita ce dokar taƙaita miyagun ƙwayoyi da Shugaba Richard Nixon ya sa wa hannu a 1970. Ta kasa ƙwayoyi rukuni biyar. Rukuni na ɗaya na waɗanda gwamnati ta ce ba su da amfani a asibiti ne, irin su hiroyin. Rukuni na biyu na waɗanda suke magani na gaske amma haɗarin kamuwa da jarabarsu yana da girma. Nan aka ajiye mofin da fentanil da hodar ibilis, nan kuma waɗannan magungunan ADHD suke. Wanda ya ji an haɗa maganinsa da hodar ibilis zai iya razana, amma abin da rukunin ke nufi shi ne yawan sa ido, bai ce ƙarfinsu ko illarsu ɗaya ba ne.

Daga wannan rukuni sauran ƙa'idojin suka fito. Ba a maimaita takarda. Sai likitan da ya yi rajista da hukumar DEA mai kula da miyagun ƙwayoyi ne zai rubuta. Tun 2007 an ɗan sassauta: likita na iya rubuta takardu da dama a zama ɗaya, jimillarsu kada ta wuce ta kwana 90, kowace da ranar da za a fara karɓarta. Jihohi kuma suna da rumbun bayanai na kwamfuta inda ake shigar da duk wanda ya karɓi irin wannan magani, don kada mutum ya zagaya likitoci uku yana tara kwalabe. Wasu jihohin sun fi gwamnatin tarayya tsanani.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne batun bayarwa. Mu mun saba da raba magani. Maƙwabci ya ce kansa na ciwo, a ɗauko ragowar abin da aka sha bara a miƙa masa, har a yi masa fatan sauƙi. A dokar Amurka, miƙa wa wani ƙwayar Adderall guda ɗaya rarraba miyagun ƙwayoyi ne, ko da ba ka karɓi ko kwabo ba. Dokar ba ta tambayi ciniki ba, abin da ta duba shi ne ƙwayar ta bar hannunka ta shiga hannun wani. A karon farko, hukuncin a matakin tarayya yana iya kaiwa ɗaurin shekara 20. Ba kowane ɗalibin da ya ba abokinsa ƙwaya biyu daren jarrabawa ake kaiwa can ba, amma laifin babba ne kuma yana bin mutum a takardunsa. Shi kuma wanda ya karɓa, aka same shi da ita ba takardar likita, ana iya ɗaure shi har shekara ɗaya a karon farko, ga tarar da ba ta gaza dala 1,000 ba. Ga ɗan Kano ko ɗan Maradi da ke karatu can da biza, akwai wani abin da ya fi ɗaurin zafi: samun mutum da laifin ƙwaya dalili ne na korarsa daga ƙasar a dokar shige da fice.

Me ya sa aka tsananta haka? A watan Mayun 2023 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta umarci kamfanoni su sabunta babban gargaɗin da ke jikin takardar waɗannan magunguna, ta kuma bayyana cewa yawancin masu shansu ba bisa ƙa'ida ba daga hannun dangi da abokai suke samu. Ashe ba dillalin bayan layi ne babbar ƙofa ba, durowar ɗakin kwana ce.

Ko wanda likita ya rubuta wa ba ya rasa ganin wata illa, musamman a makonnin farko. Abinci ya fita daga rai, jiki ya rame, baki ya bushe, barci ya ƙaurace idan an sha da yamma. Bugun zuciya da hawan jini suna ɗan ƙaruwa, shi ya sa likita mai kula yake auna su kafin a fara, ya kuma tambayi ko akwai ciwon zuciya a gida. Wasu suna samun ciwon kai, faɗuwar gaba ko saurin fushi lokacin da maganin ke sakin jiki. Akwai waɗanda ba a cika gani ba amma sun fi tsanani: jin muryoyi, zargin ana bin mutum, sanyi da canjin launin yatsu. Ba a kuma haɗa su da tsofaffin magungunan ciwon damuwa da ake kira MAOI, sai an bar tazarar kwana 14.

Duk wannan da likita a kai ke nan, yana rage awo ko ya canza magani. Wanda ya karɓa a hannun aboki babu wanda ya auna zuciyarsa. Kuma shan ba bisa ƙa'ida ba ya fi yadda mutane suke zato faɗi. Ninka awo don a kwana ana aiki yana ciki, sha don a rame yana ciki, haka nan daka ƙwayar da aka yi ta don ta narke a hankali a shaƙa ta hanci, wanda ke tura awon yini guda cikin jini a ɗan lokaci. Haɗa ta da giya ma haɗari ne, domin tana ɓoye maye, mutum ya yi ta sha bai san ya wuce gona da iri ba. In aka daɗe ana haka sannan aka daina kwatsam, sai kasala da baƙin ciki su rufe mutum.

Annobar korona ta jijjiga tsarin. Dokar Ryan Haight ta 2008, wadda aka sa wa sunan wani matashi da ya mutu a 2001 bayan ya sha ƙwayoyin da ya saya ta intanet, ta wajabta likita ya ga majinyaci ido da ido aƙalla sau ɗaya kafin ya rubuta irin wannan magani. A watan Maris na 2020 aka ɗage sharaɗin, aka kuma yi ta tsawaita ɗagewar. Mutanen karkara da ba su da likitan ƙwaƙwalwa kusa sun amfana ƙwarai. 'Yan kasuwa ma sun ga ƙofa. A watan Yunin 2024 ma'aikatar shari'a ta kama shugabannin kamfanin Done Global, mai haɗa majinyata da masu rubuta magani ta intanet, bisa zargin ya sauƙaƙa rubuta ƙwayoyi sama da miliyan 40, ya samu kuɗin shiga fiye da dala miliyan 100.

A daidai wannan zamani kuma maganin ya yi ƙaranci. FDA ta sanar da ƙarancin Adderall a watan Oktoban 2022. DEA ce ke ƙayyade yawan amfetamin da za a sarrafa kowace shekara, don haka aka nuna ta da yatsa. Ita kuma, a wata wasiƙa da suka fitar tare da FDA a watan Agustan 2023, ta ce kamfanoni kusan kashi 70 cikin 100 kawai na kason da aka ba su suka sayar a 2022. Ko ma wa ke da gaskiya, majinyaci ne ya yi ta buga waya daga kanti zuwa kanti. A ganina nan ne dokar ta fi rauni, domin wanda ya rasa maganinsa na halal yana iya faɗawa hannun masu jabu, kuma DEA ta sha gargaɗi cewa jabun Adderall na ɗauke da metamfetamin, wasu jabun ƙwayoyin kuma da fentanil.

Sa idon bai tsaya a iyakar Amurka ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 kan magungunan da ke taɓa ƙwaƙwalwa ta saka amfetamin da metilfenidet cikin waɗanda ƙasashe ke taƙaitawa, kowace kuma da tata ƙa'idar. Japan ba ta yarda a shiga da Adderall ba ko da takardar likita. Mai tafiya da irin wannan magani ya bar shi a kwalbarsa ta asali mai sunansa, ya riƙe wasiƙar likita, ya tambayi ofishin jakadancin ƙasar kafin ya tashi. Mai zuwa Najeriya ya san cewa jami'an NDLEA suna filin jirgi. Wanda kuma zuciyarsa ba za ta ɗauki waɗannan magunguna ba, ko ya taɓa fama da shaye-shaye, yana iya tambayar likitansa batun atomoksetin, wanda aka amince da shi tun 2002 da sunan Strattera. Ba ya cikin ko ɗaya daga rukunonin nan biyar, ana maimaita takardarsa, sai dai yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa.