Dalilan ɗaukar yara aikatau a gidaje

Aikatau na yara shi ne aikin gida da wanda bai kai shekara 18 ba yake yi a gidan da ba na iyayensa ba, ko ana biyansa ko ba a biya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2012 yara kimanin miliyan 17.2 ne ke cikin wannan aiki, kuma kusan kashi biyu cikin uku mata ne.

Babban abin da ke jan masu gida shi ne arha. Babba yana yin ciniki, yana neman hutu, yana iya ajiye aiki idan an ƙuntata masa. Yarinya 'yar shekara goma kuwa sau da yawa ci da wurin kwana ne ladanta, ɗan kuɗin da aka yanka mata kuma hannun iyayenta ko na dillalin da ya kawo ta yake shiga. Ita ce ke fara tashi ta share gida, ta ɗora ruwa, ta shirya 'ya'yan gida makaranta, ita ce kuma ta ƙarshen kwanciya. Masu gida sukan ce yaro ya fi biyayya da sauƙin horo, amma wannan biyayya rauni ce, domin wanda aka raba da danginsa ba shi da wurin kai kuka. Wasu matan aure kuma suna fifita ƙaramar yarinya saboda gudun abin da zai iya shiga tsakanin budurwa da mazan gidan.

Al'adar riƙo tana lulluɓe lamarin da rigar taimako. Iyaye matalauta suna miƙa ɗansu ga dangi masu hali bisa alkawarin za a sa shi makaranta, mai gida kuma yana ɗaukar kansa mariƙi, ba ubangida ba, ko da alkawarin bai cika ba. A Haiti ana kiran irin waɗannan yara restavek, a Jamhuriyar Benin kuma vidomegon. Fitar mata aiki a birane, tare da ƙarancin wuraren renon yara, ta ƙara yawan buƙatar.

Raunin sa ido ma yana ƙarfafa masu gida. Yarjejeniyar ƙungiyar mai lamba 189 ta shekarar 2011 ta wajabta wa ƙasashen da suka amince da ita su ƙayyade mafi ƙarancin shekarun ma'aikacin gida, sai dai aikin a bayan ƙofa ake yin sa, inda jami'an ƙwadago ba safai suke da ikon shiga ba.