Karatun gaba da digiri kan ƙananan yara masu buƙata ta musamman: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Duk lokacin da aka buɗe neman gurbi, tambayoyin nan ne dai ke dawowa, har kalmomin ba sa canzawa. Na tara su wuri guda. Wanda ya sake kawo ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Wai wane irin karatu ne?

Horo ne bayan digiri na farko, difloma ko digiri na biyu, ga wanda zai yi aiki da yara daga haihuwa zuwa shekara 5, wasu jami'o'in har shekara 8. Yaran su ne masu jinkirin magana, masu matsalar ji ko gani, waɗanda gaɓoɓinsu ba sa motsi yadda ya kamata, masu otizim (lalurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane), masu lalurar Down (wadda ake haifar yaro da ita, tana jinkirta girmansa da koyonsa), da bakwainin da ake sa wa ido.

Dole sai na karanta fannin koyarwa a digirin farko?

A'a. Ana ɗaukar ma'aikatan jinya, da waɗanda suka karanta halayyar ɗan Adam ko aikin jin daɗin jama'a. Kowace jami'a da sharaɗinta, kuma a rubuce yake. Ku karanta.

Ni ina son yara ƙwarai. Ai wannan ya isa ko?

Bai isa ba, kuma don Allah ku daina buɗe takardar neman gurbi da wannan jimlar. Kowa ita yake rubutawa. Abin da masu nema ba su cika sani ba shi ne babban kason aikin da manya ake yin sa. Yaro ɗan shekara 2 zai gan ki awa ɗaya a mako, in an yi sa'a biyu. Ragowar makon yana hannun uwarsa da ubansa da mai renonsa. In ke kaɗai kika iya sa shi ya nuna kofi da yatsa idan yana son ruwa, to ba a yi komai ba tukuna. Sai ranar da uwar ta iya, a wajen wanka da wajen cin abinci, ba tare da ke ba.

Ba sabon tunani ba ne. Tun 1969 aka fara tsarin Portage a jihar Wisconsin ta Amurka, inda malami ke zuwa gida yana koya wa iyaye abin da za su riƙa yi da yaron kafin ya dawo. Dokar Amurka ta 1986 da ta shigo da jarirai cikin tsarin tallafa wa yara masu buƙata ta musamman ma, takardar shirin da ta wajabta ta iyali ce, ana rubuta ta tare da iyaye, ana kuma sake duba ta duk bayan wata 6. Saboda haka in zama da uwar da aka gaya wa labarin lalurar ɗanta makon jiya, tana kuka tana musu, ya fi ƙarfinki, ki yi tunani tun yanzu.

In na gama zan iya faɗin abin da ke damun yaro?

A'a. Za a koya maka tantancewa, wato gano yaron da ya kamata a tura gaba. Takardar tambayoyin tantance otizim, M-CHAT, da ake cikewa kan yara 'yan wata 16 zuwa 30 tana nuna a ƙara bincike ne kawai, ba ta cewa yaro na da otizim. Yanke wannan hukunci na likita ne da masanin halayya mai lasisi. Ɗalibin da ya yi zango ɗaya ya fara raɗa wa 'ya'yan mutane sunayen lalura, ya cuci iyayen ya kuma cuci aikin.

Na ga wata jami'a tana yin sa ta intanet. In na yi, zan samu lasisi da aiki?

To, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ni da "e" ko "a'a" da zan ba ka.

Da farko, digiri daban, lasisi daban. Jami'a ce ke ba da na farko, hukuma ke ba da na biyu, kuma ba dole ɗaya ya jawo ɗaya ba. A Amurka kowace jiha ke ba da lasisinta, har shekarun yaran da lasisin ya ƙunsa sun bambanta: wata daga haihuwa zuwa 5, wata zuwa 8. Jami'ar da ke wata jiha tana iya ba ka digiri mai kyau wanda jihar da kake zaune za ta ce sai ka ƙara kwas ko jarrabawa kafin ta kalle shi. A Ingila kuwa, digiri na biyu a ilimin masu buƙata ta musamman ba ya mayar da mutum malamin da gwamnati ta amince da shi. Wannan matsayin ta wata hanya ake samun sa. Sauran ƙasashe kowace da nata. Don haka kafin ka biya ko sisi, ka rubuta wa hukumar da ke ba da lasisi a inda kake nufin yin aiki, ka ambaci sunan jami'ar da sunan kwas ɗin, ka nemi amsa a rubuce. Maganar ofishin ɗaukar ɗalibai ba hujja ba ce, su kasuwarsu suke ci.

Na biyu, aikin gwaji. Lacca ta intanet ba ta da aibu. Matakan girman yaro da dokoki da hanyoyin bincike duk ana koyon su a gaban kwamfuta. Amma yadda za ka zaunar da yaron da wuyansa bai tsaya ba, ko yadda za ka yi shiru na daƙiƙa biyar kana jiran yaro ya amsa maimakon ka amsa masa, wannan sai da wani gogagge a gefenka yana kallo yana gyara maka. Ka tambaye su: awa nawa ne aikin gwajin? Wa zai nemo wurin, su ko kai? Wa zai duba ka, kuma da me ya cancanta? Akwai aiki da 'yan ƙasa da shekara 3, ko duk a ajin nazare za a ƙare? In suka ce "ɗalibi ne ke nemo wa kansa", ba lallai wannan ya kashe maganar ba, amma ka nemo wurin kafin ka yi rajista, domin akwai masu gama duk darussa su maƙale a nan.

Yanzu ga inda nake sassautawa. In kana da lasisin koyarwa tuntuni, kana kuma aiki da irin yaran nan kullum, karatun intanet zai iya yi maka daidai, watakila ma ya fi, tunda abin da ka karanta da dare za ka gwada shi da safe. In burinka bincike ne ko tsara manufofi, lasisin ma bai dame ka sosai ba. In kuwa ba ka taɓa riƙe yaro mai lalura ba, kuma kwas ɗin ba shi da aikin gwaji na gaske, ni dai ba zan ce ka yi ba. Ban ce ba za ka samu aiki ba; ana ƙarancin ma'aikata a fannin a wurare da dama, mai yiwuwa a ɗauke ka. Abin da za ka iya yi wa yaron da aka miƙa maka a makon farko ne abin tambaya.

Shekara nawa ake yi?

Digiri na biyu a Ingila galibi shekara 1 ga mai karatu cikakken lokaci, a Amurka kusan 2. Mai haɗawa da aiki ya ƙara a kai.

Me ya sa kuke ta gaggawa? Ba a bar yaro ya girma ba?

"Ƙyale shi, zai yi magana" ta jawo asarar shekarun da ba sa dawowa. Ɗauki ji kawai. Ƙa'idar da masana jin jarirai ke bi ita ce a gwada jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Dalili kuwa, harshe na kafuwa ne a shekarun farko, na baki ne ko na hannu. Yaron da ya kai shekara 4 ba shi da ko ɗaya, aikin da ke gabansa ya ninka. Wasu yaran kam suna kamo tsara da kansu, gaskiya ne, sai dai ba a gane su waye ta hanyar jira.

Makaranta ta musamman zan koyar ko ta kowa da kowa?

Duka biyun, da gidaje, da asibitoci. Tun sanarwar Salamanca ta 1994 (matsayar taron ƙasashe kan ilimin masu buƙata ta musamman da aka yi a birnin Salamanca na Spain) da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006, akalar ta karkata ga haɗa yara masu buƙata ta musamman da sauran yara a aji ɗaya. Kwas ɗin da bai koya maka aiki tare da malamar aji da mai gyaran magana da likitan motsa gaɓoɓi ba, ya tsufa.

Na haura 40, kuma na daɗe da barin karatu. Zan iya?

Za ki iya, kwantar da hankalinki. Waɗanda suka yi reno ko jinya ko suka daɗe a aji sukan fi sabbin gama digiri natsuwa a gaban iyaye. Rubutun bincike ne zai ba ki wuya a zangon farko, shi ma hannu na faɗawa.

Za a koya mini maganar kurame a ciki?

Gabatarwa kawai, in ma akwai. Kuma ba iri ɗaya ba ce a duniya. Ta Amurka da ta Birtaniya ma ba sa fahimtar juna. Ka koyi ta wurin da za ka yi aiki, daga hannun kuramen kansu.