Kalmar "outlier": ma'anarta da inda ake amfani da ita

Me kalmar take nufi?

Kalmar Turanci ce, ana furta ta kamar "autlaya". Asalinta abin da ya kwanta a waje, nesa da 'yan uwansa. A ilimin ƙididdiga kuwa, lamba ce da ta yi wa sauran lambobi nisa, ko ta sama ko ta ƙasa. A ce ɗalibai talatin sun rubuta jarrabawa, kowa ya samu tsakanin maki 45 da 65, sai mutum ɗaya ya tashi da 98. Wannan 98 ɗin ita ake nufi. Da wani ya ci 4, shi ma sunansa ke nan.

Da Hausa me za mu ce?

A ganina "ya fita zakka" ya fi kusa, domin yana nuna ɗaya da ya saɓa wa sauran. Sai dai zakka a bakinmu ta fi karkata ga ɗan da ya lalace a gidan mutunci, ita kuwa kalmar ba ruwanta da yabo ko zagi. "Saniyar ware" ba ta dace ba, don ita wasu ne suka ware ta. "Ya fita daban" ya wadatar a yawancin zance.

Lamba ɗaya tak, wace ɓarna za ta yi?

Babba. Ɗauki mutum goma a majalisar ƙofar gida. Tara kowannensu yana samun naira 50,000 a wata, na goman ɗan kasuwa ne mai samun miliyan 5. Haɗa kuɗin ka raba goma, za ka ga 545,000. Je ka gaya wa mutum taran nan cewa matsakaicin samunsu ya haura rabin miliyan, ka ga kallon da za su yi maka. Lissafin daidai ne, amma bai siffanta ko mutum ɗaya a majalisar ba. Shi ya sa idan ana maganar albashi ko kuɗin haya, masana suka fi son a jera lambobin daga ƙarama zuwa babba a ɗauki ta tsakiya. A nan ta tsakiyar 50,000 ce, attajirin bai motsa ta ba.

Akwai ma'aunin gane ta, ko da ido ake yi?

Akwai. Wanda ya fi shahara na John Tukey ne, masanin ƙididdiga ɗan Amurka, da ya yaɗa a 1977. A jera lambobin a kasa su huɗu, a auna tazarar da rabin tsakiya ya mamaye, a ninka ta sau ɗaya da rabi. Duk lambar da ta zarce wannan nisa daga gefen rabin tsakiyar, sai a sa mata ido. Al'ada ce da aka amince da ita, ba doka ba.

To a goge ta kawai mana?

Nan ne mutane ke yin gaggawa. Wani lokaci kuskure ne ƙarara: an rubuta nauyin jariri kilo 32 maimakon 3.2, ɗigo ne ya faɗi. Wannan a gyara ko a cire. Amma wani lokacin lambar gaskiya take faɗa, kunne ne bai saba ba. A 1985 wasu masana uku 'yan Birtaniya, Farman da Gardiner da Shanklin, suka wallafa cewa iskar ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa ta ragu ƙwarai a saman Antatika, bisa awon da ake yi a tashar bincike ta Halley da ke can. Tauraron ɗan Adam na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, shi ma ya ɗauko irin waɗannan ƙananan lambobi, amma manhajar da ke tace bayanan ta sa musu alamar tuhuma saboda sun yi ƙasa fiye da yadda aka zata. Ashe da gaske rami ne ya buɗe a iskar ta ozon. Shekara biyu bayan nan, a 1987, ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal don rage sinadaran da ke cin iskar.

Ana kiran mutum da ita?

Sosai, musamman a jaridu da sharhin wasanni, ga wanda ya yi wa tsara fintinkau ko ƙasar da ta bi hanyarta ita kaɗai. Misalin da nake so shi ne Bob Beamon a gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meksiko. A tsallen nesa, inda aka saba ƙara 'yan santimita kan tarihin da aka kafa, shi ya dira a mita 8.90, ƙarin santimita 55 a tashi ɗaya. Na'urar awon da aka girka ba ta kai wurin ba, sai da alƙalai suka ɗauko tef suka auna da hannu. Ba a wuce shi ba sai 1991, lokacin da Mike Powell ya yi mita 8.95 a Tokyo.