Jaridun masu biyayya ga Sarkin Ingila a Yaƙin 'Yancin Amurka

Jaridun masu biyayya su ne waɗanda suka goyi bayan Sarki George na Uku a yaƙin neman 'yancin kai na Amurka, daga 1775 zuwa 1783. Ba su da yawa, kuma kusan kowace ta rayu ne a inuwar sojojin Birtaniya: a New York, Philadelphia, Newport, Savannah da Charleston. Da zarar sojoji sun janye daga gari, sai maɗaba'ar ta rufe ko ta bi su.

Wadda ta fi shahara ita ce ta James Rivington, wanda ya fara buga Rivington's New-York Gazetteer a 1773. A watan Nuwamba 1775 Isaac Sears, wani jagoran masu neman 'yanci, ya zo da mahaya daga Connecticut, suka lalata masa injin, suka kwashe haruffan darma da ake jerawa a buga rubutu. Rivington ya gudu Ingila, ya komo a 1777 bayan Birtaniya ta kama New York, aka naɗa shi mai ɗab'in Sarki, jaridar ta koma Royal Gazette. 'Yan kishin ƙasa, wato masu neman 'yanci, sun tsane ta ƙwarai, suna kiranta jaridar ƙarya. Ta daina fita a ƙarshen 1783.

A 1776 jaridar Hugh Gaine, New-York Gazette and Weekly Mercury, ta fita gida biyu a lokaci guda: shi yana buga ta masu neman 'yanci a Newark, jami'an Birtaniya kuma suna buga tasu a New York da suna iri ɗaya. Bayan 'yan makonni ya dawo ya bi ɓangaren Sarki. A Boston kuwa, Margaret Draper ce ta riƙe Boston News-Letter, wadda aka kafa tun 1704, har ta bar garin tare da sojojin Birtaniya a 1776.

Samun cikakken jerin fitowar ɗaya daga cikinsu abu ne mai wuya. Da ma kaɗan ake bugawa, masu karanta su da dama kuma sun yi hijira zuwa Nova Scotia, Bahamas ko Ingila. Wasu ma'aikatan ɗab'in sun tafi da injinansu: 'yan'uwan Robertson suka ci gaba da Royal American Gazette a Shelburne da ke Nova Scotia, John Wells ya kafa Bahama Gazette a Nassau a 1784. Kwafin da suka tsira sun daɗe ne saboda takardar zamanin da tsummoki ake yin ta, ba ta saurin ruɓewa. Ana adana wasu a cibiyoyin tarihi na American Antiquarian Society da ke Worcester da The New York Historical (wadda a da ake kira New-York Historical Society).

Duk da farfagandar da ke cikinsu, masana tarihi ba sa iya yi sai da su, domin a nan aka buga sanarwar kwamandojin Birtaniya, farashin kaya, da cigiyar bayin da suka tsere. Royal Gazette ta buga shelar Janar Henry Clinton ta 1779, wadda ta yi wa bayin 'yan tawaye (masu neman 'yanci) alkawarin mafaka idan suka gudo wurin sojojin Sarki.