Ciyawar Kachala a Dausayin Haɗeja da Nguru

Kachala doguwar ciyawar ruwa ce da masana tsirrai ke kira Typha domingensis, wadda ta mamaye babban yanki na dausayin Haɗeja da Nguru a jihohin Jigawa da Yobe. Tsawonta yakan wuce mita biyu, ganyenta dogo ne siriri, kanta kuma ya yi kama da zangarniyar gero. Idan kan ya bushe sai ya fashe, iska ta kwashi dubban 'ya'ya masu gashi kamar auduga ta watsa su nesa. Sai dai ƙarfinta na gaske a ƙarƙashin laka yake, inda saiwarta mai kauri ke tafiya a kwance tana fitar da sababbin tsiro, har ta saƙa shinge mai cunkoson da kwale-kwale ba ya iya ratsawa.

Asalin yaɗuwarta

Kachala ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma; abin da ya sauya shi ne tafiyar ruwa. A da, kogin Haɗeja yakan cika ya malale fadamu da damina, sannan ya janye da rani har ƙasa ta tsage, kuma wannan bushewar ce ke hana ciyawar kafuwa. Bayan an kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a kan kogunan da ke zuba ruwa a kogin Haɗeja, sai aka riƙa sakin ruwa har da rani domin ayyukan noman rani, kogin ya koma mai gudu duk shekara. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi ne ainihin abin da kachala ke so. Da ta kafu sai ta rage wa ruwa gudu, laka da yashi su taru a gindinta, kogin ya ƙara cikewa, ita kuma ta sami sabon wurin bazuwa. Irin haka ta faru a kwarin kogin Senegal bayan gina madatsar Diama a 1986.

Illarta

Babbar ɓarnar ita ce toshe hanyoyin ruwa. Da tsohon kogin Haɗeja ya cushe, sai yawancin ruwan ya karkata ta mashigar Marma zuwa tafkin Nguru, gonaki da burtali suka nutse a can, alhali garuruwan da ke ƙasa, wajen Gashua da sauran gaɓar kogin Komadugu Yobe mai bin iyakar Nijar ya faɗa Tafkin Chadi, suna kukan ƙarancin ruwa. Manomin da ya gāji fadamar shinkafa yakan wayi gari ta zama dajin kachala, masunci kuma ya rasa fili na jefa koma.

Ciyawar ta kuma zama masaukin tsuntsayen jan-baki, waɗanda ke kwana a cikinta da dubbansu, su fito da sassafe su afka wa gero da dawa da shinkafa. Ruwan da ke kwance a tsakaninta yana haifar da sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya. Abin takaici ne ƙwarai ganin haka a wurin da ke karɓar tsuntsaye masu ƙaura daga Turai kowace shekara, wanda saboda darajarsa aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin Ramsar, wato yarjejeniyar duniya ta kare dausayoyi, a 2000, domin inda kachala ta rufe, sauran tsirran ruwa ba sa samun haske.

Hanyoyin shawo kanta

Ƙona ta da rani shi ne abin da ya fi sauƙi, amma wuta ba ta kai wa ga saiwa, kuma bayan 'yan makonni sai ta sake tofowa. Yankan da ke aiki shi ne wanda ake yi a ƙarƙashin ruwa. Ganyen kachala yana da ƙananan kafofi da ke kai iska zuwa saiwa, saboda haka idan aka yanke shi aka bar ruwa ya rufe kututturen, saiwar takan rasa iska ta ruɓe, musamman in an maimaita yankan. Aiki ne mai wahala: mutane kan shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, galibi ta hanyar gayya tsakanin ƙauyuka, su yanka su ja zuwa gaɓa. Hukumomi na amfani da injinan yanka da na yashe kogi, sai dai suna da tsada kuma suna buƙatar gyara a kai a kai. Feshin maganin ciyawa yana da haɗari ga kifi da kuma ruwan da jama'a da dabbobi ke sha.

An kuma gwada mayar da ita abin amfani. A Senegal da Muritaniya ana sarrafa ta zuwa gawayin girki, a kwarin Haɗeja kuwa an yi bincike ƙarƙashin TRIMING, shirin inganta noman rani a Najeriya wanda Bankin Duniya ya tallafa, kan samar da iskar gas ta girki da abincin dabbobi daga gare ta. Wannan yana ba mai yanka dalilin komawa ruwa, amma bai taɓa tushen matsalar ba. Matuƙar ba a daidaita sakin ruwa daga Tiga da Challawa ba, ta yadda fadamu za su riƙa samun lokacin bushewa da rani, mashigar da aka share bana za ta sake toshewa cikin 'yan shekaru, kuma wannan shawara tana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are tare da jihohin da ke raba ruwan.