Ma'anar "ap" a Sunayen Mazan Wales na Zamanin Da

Duk wanda ya leƙa tarihin Wales, ƙasar nan da ke yammacin Ingila, zai riƙa cin karo da wata 'yar kalma mai haruffa biyu a tsakiyar sunayen sarakuna da mawaƙa, kamar Llywelyn ap Gruffudd da Dafydd ap Gwilym. Wannan kalma ta samo asali ne daga "map", wadda a harshensu na yau ake cewa "mab", wato ɗa namiji. Ke nan Llywelyn ap Gruffudd na nufin Llywelyn ɗan Gruffudd, kamar dai yadda muke cewa Usmanu ɗan Fodiyo. Idan sunan uban ya fara da wasali, sai ta koma "ab", kamar a sunan Llywelyn ab Iorwerth, sarkin Gwynedd, a arewacin Wales, da ya rasu a 1240. Mace kuwa da "ferch" ake jingina ta ga mahaifinta.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, mutanen nan ba su da sunan dangi da ake gada daga kaka zuwa jika. Sunan yana sauyawa da kowane tsatso: ɗan Rhys ap Hywel zai zama Madog ap Rhys, shi kuma ɗansa ya zama Einion ap Madog. Wannan ba ado ba ne kawai, domin shari'ar ƙasar, wadda ake danganta ta da sarki Hywel Dda da ya rasu wajajen 950, ta rataya ne a kan nasaba. Ana raba gadon gona tsakanin 'ya'ya maza, kuma idan mutum ya yi kisa, danginsa ne ke haɗa diyyar da suke kira "galanas", kowa gwargwadon kusancinsa. Wanda bai iya jero iyaye da kakanninsa ba, to da wuya ya kare haƙƙinsa a gaban alƙali.

Da yake sunayen yankan ba su da yawa, sai aka riƙa ƙara laƙabi don a bambanta mutane. Rhodri Mawr shi ne Rhodri Babba, Hywel Dda kuwa Hywel Nagari, mawaƙi Iolo Goch kuma Iolo Ja. A lura cewa harafin farko na laƙabin yakan sauya: asalin kalmar da ke nufin "ja" a harshensu ita ce "coch", amma da ta biyo bayan suna sai ta zama "Goch".

A nan ne nake ganin marubutan labaran tarihi da masu shirya wasannin kwaikwayo suka fi yin tuntuɓe. Sai ka ga an laƙaba wa jarumin ƙarni na 13 suna Jones ko Powell, alhali irin waɗannan sunaye sun yaɗu ne daga baya, musamman bayan da aka haɗe Wales da Ingila a ƙarƙashin doka ɗaya a zamanin sarkin Ingila Henry na 8. A lokacin ne "ap" ta fara narkewa cikin sunan uba: ap Hywel ya zama Powell, ap Rhys ya zama Price, ab Owain ya zama Bowen. Mai son suna na gaskiya ya ɗauki sunan yanka da aka saba da shi a wancan zamani, irin su Ieuan, Dafydd, Madog ko Iorwerth, ya jingina shi ga sunan uba, sa'an nan in ya ga dama ya ƙara laƙabi.

Ko sunan gidan sarautar Tudor na Ingila ma daga nan ya fito. Kakan sarki Henry na 7 sunansa Owain ap Maredudd ap Tudur, amma a Ingila sai aka tsallake sunan mahaifinsa, aka riƙa kiransa da na kakansa, Owen Tudor.